Ƙibar da ta hana ni goya 'yata

Assalamu alaikum Edita, da duk wanda idonsa ya sauka a wannan shafi. A shekarun da zan ba ku labarinsu, ni wata siririyar malamar firamare ce 'yar Ƙauran Namoda, mai saurin tafiya da saurin baki, wadda babu abin da ta tsana kamar a taɓo maganar jikinta. Sirantakata ba ta ciwo ba ce, haka Allah ya yi ni. Ina ci kamar kowa, wata rana ma in fi kowa, amma ban san inda abincin yake zuwa ba. Tun muna yara ake ce mini karan dawa. Da na fara koyarwa a wata makaranta wajen Sakajiki, 'yan ajina suka laƙaba mini Malama Tsinke, a zatonsu ban sani ba. Idan na je gidan biki sai wata ta ja ni gefe ta tambaye ni ko lafiyata ƙalau, idan na kai ɗinki tela ya dawo mini da ragowar yadin da zai ishi wata yarinya riga. Ina mayar da martani, domin bakina ba ya mutuwa, amma in na koma ɗaki abin yana cina.

Mahaifiyata ta rasu ina ƙarama, abin da ta bar mini na hannu shi ne awarwaron azurfa guda ɗaya. Ba ya zama a hannuna. In na ɗaga hannu zan yi rubutu a allo sai ya gangaro har gwiwar hannu, in na sauke ya nemi faɗuwa, har sai da na naɗa masa zare a gefe don ya ɗan matse. Wadda ta tsaya mini a matsayin uwa ita ce Gwaggo, ƙanwar babana, da ke aure a Shinkafi. Gwaggo mace ce mai hannu a kula da masu jego, duk danginmu da na mijinta wurinta ake kai mai haihuwar fari. Tana da wata hanya tata ta auna aikinta. Ranar da mai jego ta fara wanka sai ta zura mata awarwaro sako-sako, kullum da safe ta kama shi ta jujjuya. Idan aka yi arba'in awarwaron bai kama hannu ɗam ba, a wurin Gwaggo ba a yi jego ba, an dai ɓata itace. Kuma ba ita kaɗai ke da wannan tunani ba. A wajenmu, ranar da mai jego ta koma ɗakinta, jikinta dangin miji suke fara dubawa kafin su dubi jaririn, domin a jikin nan ake karanta ko tana da gata a gidansu.

Na auri wani mai fataucin shanu da ke cin kasuwar Moriki, muka zauna a Zurmi, aka mayar da aikina can. Mutum ne mai sauƙin kai, mahaifiyarsa ma ba ta da mugun hali. Sai dai a makon da na tare, ta dube ni ina shara, ta ce da wata 'yar'uwarta cikin raha, ko wannan bayan zai iya riƙe goyo kuwa. Suka yi dariya, ni ma na yi. Allah ya sani ba da nufin cin fuska ta faɗa ba, kuma na tabbata kafin la'asar ta manta. Ni kuwa maganar ta zauna mini daram. Ni da ban san ɗumin bayan uwata ba, babu abin da nake buri kamar in ga ɗana a bayana, in ɗaure shi da zane, in shiga tsakar gida ina aikina yana barci. Tun kafin in samu ciki na sayi zanen goyo da majanyi na saƙi a kasuwar Ƙaura, na ninke na ajiye a ƙasan akwati, ban gaya wa kowa ba.

Da ciki ya samu, laulayin farko ya wuce, sai cikina ya buɗe irin buɗewar da ban taɓa sani ba. Maigidana ya ga ina ci, ya shiga hidima. Duk ranar kasuwa ya dawo da balangu da tsire, ga fura da nono mai kauri, ga man shanu, ga lemon kwalba. Ni kuma na ƙara da shayi mai madara da sukari safe da yamma, da biredi, da duk wani soye-soye da ya gitta ƙofar makaranta. A karon farko a rayuwata abinci ya zauna a jikina. Kumatu suka fito, wuya ya cika, damatsa suka yi luƙui. Na kwance zaren da ke jikin awarwaro na yar. Edita, ba zan ɓoye ba, na yi farin cikin da ban taɓa yi ba. Nakan tsaya gaban madubi in juya baya in leƙa ta kafaɗa, ina cewa a raina to ga bayan nan, a zo a gani ko zai riƙe goyo. Malaman makarantarmu suka ce ashe dama kyakkyawa ce ni, rama ce ta ɓoye ni.

Mutum ɗaya ce ba ta taya ni murna ba, ita ce malamar asibitin da nake zuwa awo wurinta. Duk zuwa sai na hau ma'auni, duk hawa sai ta ɗaure fuska. Wata rana ta zaunar da ni ta ce mai ciki dole ta ƙara nauyi, wannan ba abin tsoro ba ne, amma nawa yana gudu da yawa, kuma jinina ya fara hawa. Ta ce kitsen da ke taruwa da sauri haka ba ya zama shiru, yana tayar da wani irin kumburi a cikin jiki wanda ido ba ya gani, shi kuma ya dagula jini da sukari. Ta ce in rage zaƙi da gishiri da maiƙo, in riƙa taka ƙafa, in dawo ba da daɗewa ba a ɗebi jinina da fitsarina a gwada. Na amsa mata da to, amma raina a ɓace na fito. Shekara da shekaru ana ce mini in yi ƙiba, yau na yi, wata kuma ta ce ta yi yawa. Na ce a raina wannan matar dai ba ta son ganin mutum cikin jin daɗi. Sai kuma aka shiga wani lokaci na zaman ɗar-ɗar a gari, ana jin labarin mahara a ƙauyukan kusa, mutane suna taƙaita fita. Da maigidana ya tambaye ni maganar awo, na ce masa a bari gari ya lafa. Garin ya lafa, ni ban koma ba.

Daga nan jikina ya daina ba ni sukuni. Takalmana duk suka ƙi shiga, na koma sa silifas ɗin maigida. In na zauna a aji sai in ji kamar a kan ƙaya nake, in na miƙe gwiwoyi su ɗauki zogi, in koma in zauna, in sake miƙewa. Wani zafi nake ji can cikin jiki, ba zazzaɓi ba, ba kuma zafin gari ba. Kai yana sarawa, gaɓoɓi suna tsami, barci ba ya ƙosar da ni. Duk wadda na gaya wa sai ta ce ai kowace mai ciki ƙafarta na kumbura, wasu ma su ce alamar namiji ne. Da cikin ya tsufa aka kai ni Shinkafi, kamar yadda ake yi wa mai haihuwar fari. Gwaggo ta fito zaure ta tarbe ni, ta tsaya cak tana kallona, sannan ta rangaɗa guɗa ta ce, “Wagga ɗiyata ta? Aradu aure ya amshe ki! Bari dai ki sauka lahiya, ki ga aikin hannuna.” Ta kama hannuna ta jujjuya awarwaron uwata, ta ce ba sai ta nemo wani ba, wannan ya isa ma'auni, tunda har yanzu yana ɗan motsi.

Na haihu a gida, Allah ya kawo da sauƙi fiye da yadda na cancanta, na samu 'ya mace. Washegari Gwaggo ta ɗaura ɗamara. Safe da yamma ana tafasa ruwa a babbar tukunya, ta tsoma ganyen darbejiya tana fyaɗa mini har fata ta yi ja. Ina fitowa ga kunun kanwa cike da ƙwarya yana tururi, sai na shanye tas take karɓar ƙwaryar. Ga gasasshen nama da yaji, ga farfesun ƙafar sa, ga tuwo yana ninkaya cikin man shanu. An rufe taga, an sa kaskon garwashi a ɗaki don kada sanyi ya shige ni. Ko tsintsiya ba a bari in taɓa, ko zaure ba na leƙawa. Aikina in ci, in ba da nono, in kwanta. Ranar suna dangin maigidana suka zo daga Zurmi, mahaifiyarsa ta shigo ɗaki tana tambayar ina amaryar jegon take, alhali ina zaune gabanta. Da ta gane ni ta riƙe baki, ta yi ta sa wa Gwaggo albarka, ta ce yanzu kam ta ga bayan goyo. Na ji daɗin maganar har cikin raina. Abin da babu wanda ya lura da shi shi ne, gaisuwar da na yi mata sai da na tsaya a tsakiya na ja numfashi kafin in ƙarasa.

An ce mini da an haihu ƙafa take saɓewa. Tawa ba ta saɓe ba, ƙaruwa ta yi, kumburin ya haura har cinya. Cikina bai koma ba, fuskata ta cika har idanuna suka ƙanƙance. Kwanciya ta gagare ni, da na miƙe a katifa sai in ji kamar an ɗora mini buhun gero a ƙirji, in yi wuf in tashi zaune. Na tara matasan kai na jingina, nan ma ba daɗi. In tashi in je bakin ƙofa in sha iska, Gwaggo ta koro ni ciki, in zauna bakin gado, in sauko ƙasa, in sake hawa. Ga wani tari busasshe da ya ƙi tafiya. Gwaggo ta saurari tarin ta ce sanyi ne ya samu ƙofa, maganinsa kuwa a ƙara wa ruwa wuta, a ƙara wa kunu kanwa. Haka aka yi. Duk abin da jikina ya yi na neman agaji, amsar da muke ba shi ita ce ƙarin abin da ke kashe shi, kuma da zuciya ɗaya muke yi. Wata rana da hantsi ina shafa mai na danna ƙaurina da yatsa, sai wurin ya lotsa ya zauna haka, kamar an danna malmalar tuwo. Na daɗe ina kallon ramin. Na nuna wa Gwaggo, ta ce naman jego ne, sabo ne shi ya sa yake da taushi. Ni mai karatu ce, na tuna maganar malamar asibiti sarai, amma maganar Gwaggo ta fi mini daɗin ji, sai na ɗauke ta.

Ana saura kaɗan mu yi arba'in awarwaro ya daina juyawa. Gwaggo ta gwada da safe ya ƙi motsi, ta kira matan gidan su zo su gani, ta ce ba ta taɓa samun mai jegon da ta cika ma'auni da wuri kamata ba. A ranar ne na ce bari in gwada abin da na daɗe ina jira. Na buɗe akwati na ciro zanen goyon nan, na ce Gwaggo ta ɗora mini yarinya. Na sunkuya, na ji ɗuminta ya taɓa bayana, ban kai ga jan zanen ba sai ɗakin ya juya, idona ya rufe. Gwaggo ta cafe yarinyar, ni kuma na dafa bango ina haki kamar wadda ta yi gudu. Ta ce jiri ne na masu jego, in bari sai jikina ya yi ƙwari. Ta ninke zanen ta mayar mini cikin akwati. Wannan 'yar taɓawar, da ba ta kai a ce bisimilla a gama ba, ita ce duk goyon da na yi wa 'yata tana jaririya.

Abin ya fashe ranar kasuwar Shinkafi, wajen wankan safe. Tururi ya turnuƙe makewayi, Gwaggo ta fyaɗa mini ganye na farko, na biyu, na buɗe baki in ja iska na ji babu. Tari ya sarƙe ni, wani abu mai kumfa ya fito, na sulale ƙasa. Allah ya sa maigidana ya shigo garin cin kasuwa, aka aika aka kira shi, ya samo mota aka kai ni asibiti. Ina jin abin da ake yi sama-sama. Na ji ma'aikatan suna faɗa a kan hannuna, ashe awarwaron ya nutse cikin nama, yatsuna sun fara canza launi. Aka sa sabulu ya ƙi, aka sa man kaɗanya ya ƙi. Suka ce sai dai a yanke. Maigidana ya ruga kasuwa ya zo da maƙeri. Da mutumin ya ga azurfa ce ta da, sai ya tambaya ko an yarda. Gwaggo ce ta amsa, ta ce, “Yanke shi, ɗan nan. Na uwatta na, amma yanke shi.” Ita ta riƙe mini hannu har aka gama. Inda ya zauna ya bar mini zobe a fata, har yau in na duba ina ganin alamarsa.

Daga nan aka wuce da ni babban asibiti a Gusau, na yi makonni a kwance, ko in ce a jingine. Suka ba ni maganin da ke fitar da ruwa. Edita, ina ji ina gani rabin kyawun da aka yi wa guɗa ya bi fitsari ya tafi. Kumatun da ake yabo, da damatsan, da bayan goyon, ashe da yawansu ruwa ne da zuciyata ta kasa turawa ya taru a jiki. Likitar da ta duba ni ta yi mini bayani a natse. Ta ce zuciyata ta raunana, ta buɗe fiye da ƙima, abin da kan samu wasu mata a ƙarshen ciki ko bayan haihuwa, kuma ba kowane lokaci ake sanin dalili guda ba. Amma ta ce ni na shiga haihuwa da jini a sama da nauyin da ya taru da gaggawa, sannan aka bi ni da kanwa da gishiri masu riƙe ruwa, da zafin da ke sa zuciya aikin da ya fi ƙarfinta. Na tambaye ta sauran ƙibar da ba ta bi ruwan ba. Ta ce wannan kitse ne na gaske, kuma shi ne abin da malamar awo ta so in gane. Kitse in ya yi yawa yana sa jiki cikin kumburi na ciki mai ci a hankali, kamar garwashin da toka ta rufe, kumburin kuma yana sa jiki ya ƙi sarrafa sukari yadda ya kamata, ya riƙe nauyin ya ƙi saki bayan haihuwa. Kowanne yana ciyar da ɗan'uwansa. Ta ce masana ma ba su gama gano yadda abin yake ba, amma abin da aka sani ya isa a kiyaye. Sannan ta kafa mini doka, babu kanwa, gishiri sai ɗan kaɗan, babu wani ciki sai sun ba da izini, babu ɗaukar kaya. Na ce goyo fa. Ta girgiza kai ta ce goyo ma kaya ne.

Da aka sallame ni Gwaggo ta kulle ɗakinta a Shinkafi ta biyo ni Zurmi. Ba wanda ya roƙe ta. Matar da muryarta ke cika gida ta koma shiru, ta ɗauki yarinyar ta ɗaure a bayanta, da ita take girki, da ita take shara, sallah kaɗai ke sa ta sauke ta. Ni ina zaune a tabarma ina kallo, a miƙo mini ita ta sha nono a karɓe. Ba ta taɓa ce mini in yafe mata ba, ni ma ban taɓa ce mata ta yi laifi ba, domin in za a raba laifin ban san wa zai ɗauki babban kaso ba. Abin da na gani shi ne ta koyi yin miya ba kanwa ba gishirin kirki. Takan ɗanɗana ta yamutsa fuska ta ce wannan ko akuya sai an roƙe ta, sannan ta zuba mini ta zuba wa kanta, mu ci tare. Muka koma zogale da rama da wake da kifi, da kunun gero ba sukari. Masu zuwa dubiya kuwa ba su fasa ba, wata ta ce maye ne ya kama ni, wata ta ce wankan ne ba a ƙarasa ba shi ya sa, a mayar da ni a cika arba'in. Ranar da aka faɗi wannan a gaban Gwaggo ta miƙe da goyonta ta nuna wa matar ƙofa.

Jinyar ta yi tsawo, kuma ni ba mai haƙurin zama ba ce. Ƙibar da na yi ta roƙo ta zame mini baƙon da ya ƙi tafiya. Gwiwoyi na ciwo, jiki na nauyi, in na ga abinci ina so ina tsoro. Likita ta ce in riƙa tafiya kaɗan-kaɗan, sai na mayar da tsakar gida hanya, daga bakin rijiya zuwa zaure, daga zaure zuwa rijiya, har kajin gidan suka saba suka daina kaucewa. Duk komawa asibiti tambayata ɗaya ce, har likitar takan riga ni ta ce ba yanzu ba. Ina kallo yarinya ta fara zama, ta fara rarrafe, ta kama bango ta miƙe. Kowane sabon abu ta yi ina murna, ina kuma jin kamar ana fizge mini wani abu daga hannu. Maigidana yakan ce in gode wa Allah da ya bar ni da rai. Ina godewa, wallahi ina godewa, amma godiyar ba ta hana ni juyi a kan tabarma in na ga ƙafafunta suna lilo a ƙugun Gwaggo.

Ranar da likita ta ce zuciyata ta yi ƙarfin da zan iya goyo na ɗan lokaci, yarinyar ta riga ta iya gudu, har tana haɗa kalmomi. Muna isowa gida ko mayafi ban cire ba na buɗe akwati na ciro zanen. Na fito tsakar gida na durƙusa, na juya mata baya, na ce ta zo in goya ta. Ta tsaya tana kallona da ɗan yatsa a baki. Na sake kira, na bubbuga bayana. Sai ta ƙyalƙyale da dariya, a zatonta wani sabon wasa ne, ta kewaye ni da gudu ta je ta faɗa bayan Gwaggo da ke tsintar wake, ta rungume wuyanta. Gwaggo ta yi ta ɓamɓare hannuwanta tana cewa ta tafi wurin uwarta, yarinya ta ƙanƙame ta ta fashe da kuka. Na ce a ƙyale ta. Gwaggo ta juya fuskarta wajen bango. Na daɗe a durƙushe kafin in iya tashi. Na sake gwadawa a kwanakin da suka biyo baya, da lallashi da alewa, ba ta yarda ba. A wurinta ni ta cinya ce, baya kuwa na Gwaggo ne.

Ban rubuto don in zagi wankan jego ko in kushe iyayenmu ba. Babu wanda ya so ni a duniya kamar matar da ta riƙa ɗura mini kunun nan. Kuskurenmu shi ne mun ɗauka duk cikar jiki lafiya ce, mun mayar da jikin mai jego wurin nuna gata, har muka kasa bambance ƙiba da ciwo. 'Yan'uwana mata, in kuna da ciki ku je awo, ku hau ma'aunin nan ko ba kwa son abin da zai faɗa, in an ce nauyi na gudu ko jini ya hau kada ku yi fushi irin nawa. Bayan haihuwa ma ku koma a duba ku. In ƙafa ta ƙi saɓewa, in kun danna wuri ya lotsa, in kwanciya ta gagara sai a jingine, in numfashi na yankewa a tsakiyar gaisuwa, ba sanyi ba ne, ku bar tukunya a kan wuta ku nufi asibiti. Iyaye da surukai kuma, don Allah ku daina auna gatan 'ya da kaurin damtsenta, ku kuma kula da irin wasan da kuke yi da jikin amarya, domin ba ku san inda maganar za ta je ta zauna ba.

Gwaggo ta koma Shinkafi, har yanzu ana kai mata masu jego, amma ta daina zura wa kowa awarwaro. An ce mini yanzu kullum da safe ƙaurinsu take dannawa da babban yatsa, ta tsaya ta ga ko zai taso. Ni kuma na zama abin tsokana a kasuwar Zurmi, domin ba na iya wuce mai ciki ban kalli ƙafarta ba, wata rana har in tare ta da tambaya. 'Yata ta shiga makaranta, lafiyarta ƙalau, likita kuwa har yau ba ta ba ni izinin wani cikin ba, ban kuma san ko za ta bayar ba. Ke da Allah ya ba ki jariri da bayan ɗaukarsa, ki kula da kanki ki goya abinki tun yana yarda. Zanen goyona yana nan a ƙasan akwati tare da gutsuren awarwaron uwata, ko wanki bai taɓa gani ba.